Ba Ummaru Ne Ya Ƙona Injin Ba

Ina zaune kan buzu da safen nan, ban ko ajiye carbi ba, waya ta yi ƙara. Kulu ce daga Wurno. Ta ce, "Baba Haliru, Baba ya cika."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye ta yaushe, ta ce bayan asuba, yana idar da salla a zaune. Na ajiye wayar ban kashe ba, ina jin kukan mata a cikinta.

Malam Ummaru bakanike nake nufi, mahaifin Kulu, na bakin kasuwar Wurno. Na san da yawanku sai kun tsaya tunani. In kuwa na ce Ummaru Ƙona-Inji, duk ɗan kabu-kabun da ke tsakanin Achida da Goronyo ya gane. Saboda wannan suna na ɗauki waya yau, da idona da ya yi rauni. Rubutun zai yi tsawo, ku yi haƙuri da tsoho.

Ya girme ni da shekara shida ko bakwai. Na san shi tun zamanin Turawa, ana saura kaɗan a ba mu mulkin kai. Ni lokacin saurayi ne, sabon ɗauka a ofishin dabbobi, aikina bin rugage ina yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Shi kuma bai daɗe da dawowa daga Sakkwato ba, inda ya yi shekaru a ƙarƙashin manyan motoci. Duk ƙasar Wurno da Rabah shi kaɗai ke kwance inji ya mayar bai bar noti ko ɗaya a ƙasa ba.

Muna da wani Bature mai kula da mu, ba ya rabuwa da lofensa, shi ya sa muke kiransa Mai Lofe. A bayan ofis akwai matattun babura guda biyu. Ɗaya jikinsa lafiya lau amma injin ya mutu. Ɗayan kuma wani Bature ya faɗa kwazazzabo da shi wajen Rabah, jikin ya lanƙwashe, injin bai ji komai ba. Kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinsu.

Maganin allurar nan ba ya jure zafi. A kan doki, kafin in kai Goronyo ya lalace. Ummaru ne ya je ya durƙusa gaban Mai Lofe ya ce a ba shi baburan nan ya haɗa su aure.

Matsalar ita ce injin mai lafiyar ya fi mataccen girma, ramukan kusoshin ba su yi daidai ba. Sai ya tare a maƙera. Da karan dawa yake awo, ya yanka ya miƙa wa maƙeri, maƙeri ya ƙera masa ƙarfen da zai riƙe injin. In bai zauna ba a mayar wuta. Mako uku yana wannan, hannunsa duk tabo.

Ranar da ya taka shi ya tashi, rabin gari ya fito. Mai Lofe ya zagaya shi sau biyu, ya ce in babur ɗin ya gama zagayen allurar bana, Wurno da Rabah da Goronyo, zai tura Ummaru Kaduna ya yi kwas, ya dawo bakaniken gwamnati. Na ga Ummaru ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ba shi da wani buri da ya wuce wannan.

Ni aka ba wa babur ɗin.

Kafin ya miƙa mini, ya kama hannuna ya ɗora kan tsage-tsagen ƙarfen nan da ke jikin inji kamar haƙarƙari. Ya ce, "Ɗan Baduku, saurara. Wanga inji ya hi gidan da nis sa shi, kuma iska shika sha. In kana cikin rairayi kana jan jiki, zahi shika yi. Ka tsaya inuwa gwargwadon alwalla da raka'a biyu. Kak ka zuba mai ruwa. Kuma kak ka bari komi shi tare mai iska."

Ya koya mini gwaji: in ɗiga ruwa ɗigo ɗaya daga yatsa a gefen injin. In ya bushe a hankali, in ci gaba. In ya yi tsalle yana rawa, in nemi inuwa.

Wata guda ina bin wannan, babur bai taɓa yi mini tari ba.

Ɗan Baduku yake kirana don mahaifina baduku ne, kuma ba ƙaramin baduku ba. Kayan dawakin manya yake yi. Tun ranar da na shigo unguwa a kan babur yake kallonsa yana girgiza kai, wai an ba ɗansa abin hawa tsirara. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Ashe ya ware jar fatar akuya mafi kyau a ɗakinsa, yana aunawa da ido duk lokacin da na jingine shi a zaure.

Kwana goma ya yi yana ɗinki. Ya yi wa sirdi riga, ya yi wa tanki, ya rataya tuntaye a hannuwa. Sannan ya yi wata babba mai zane kore da baƙi, wadda ta rufe injin gaba da gefe biyu, aka ɗaure ta da madauri ta ƙasa. Ya ce don kada rairayi ya shiga, kada kuma ƙarfe ya ƙona mini wando.

Na san abin da Ummaru ya ce. Ina tsaye ina jin maganar a kunnena. Amma Baba na tsugune yana jan madauri da haƙoransa, maƙwabta sun taru suna sa albarka, kuma ban taɓa ganin ya yi alfahari da ni haka ba. Na ce a raina in na fita daga gari zan kwance ta.

Ranar za ni Boyekai, can bayan Goronyo, Fulani sun tara shanu suna jirana. Tsakiyar bazara ce. Na fita daga gari ban kwance ta ba. Duk ƙauyen da na ratsa sai an bi ni da kallo, 'yan mata a bakin rijiya suna nuni, ni kuma ina ƙara gyara hula. Na ce sai ƙauye na gaba. Na gaba ma na ce sai na gaba. Ban tsaya inuwa ko sau ɗaya ba, don injin a rufe yake, ba inda zan ɗiga ruwan gwaji, kuma na fi son in shiga Goronyo da adona.

Na ji ƙaurin fata, na ce sabunta ce. Na ji ƙarfinsa na raguwa, na ƙara masa wuta. Ana saura kaɗan in ga ganuwar Goronyo, cikin wani rairayi mai zurfi, ya yi wata ƙara kamar an jefa tsakuwa a kwano, ya tsaya cak. Fistin ya kame.

Fatar ta manne da ƙarfe tana hayaƙi. Na yanke madaurin da wuƙa, na fizge ta da hannu, har yau tabon na nan a tafina na dama. Na gangara bakin Rima na jefa ta. Magani ya lalace a jaka. Fulani suka yi jira har la'asar suka kora shanunsu.

Bayan kwana biyu wata motar 'yan kasuwa ta dawo da babur ɗin Wurno. Ummaru ne ya fara karɓarsa, ya wuni a kansa kafin Mai Lofe ya iso daga Sakkwato.

Mai Lofe ya tsayar da ni ya tambaye ni ko na huta da shi, ko na zuba masa ruwa. Na ce duk abin da aka ce in yi na yi. Bai tambayi fata ba, don bai taɓa ganinta ba. Mutanen gari kuwa da suka gan ta, ba wanda ya kawo a ransa cewa ado na kashe inji. A wurinmu ado ado ne, ba ya cutar da abin hawa.

Ya juya wurin Ummaru. Ummaru na tsugune gefen injin, bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, injin ya hi ƙarhin jikin. Ni niy yi kuskuren awo."

Na ji daɗi. Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Na zaci bai gane ba.

Maganar Kaduna ta mutu a wurin.

Da na koma gida Baba ya tambayi fatarsa, na ce ta ƙone tare da injin. Ranar kasuwa ya sa ni ɗaukar masa jaka, muka nufi inda Ummaru ke zama. A gaban jama'a ya nuna shi da sanda ya ce, "Kai yaro, ka ƙone injin Bature, ka ƙone man aikin kwana goma, saura kaɗan ka ƙone man ɗiya. Ƙona-inji kawai."

Ummaru ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Baba, a yi haƙuri."

Ina tsaye a wurin riƙe da jaka. Kafin mako ya zagayo sunan ya bi gari.

Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ni na yi ta samun ƙarin girma, na je kwas a Kaduna inda shi bai je ba, na yi ritaya, na dawo Rabah ina cin fansho. Shi ya zauna gindin bishiya yana gyaran keke da injin niƙa. Da aka yi dam aka shiga noman rani ya koma injin ban-ruwa, da babura suka cika gari ya koma kansu. Aiki bai taɓa yanke masa ba, don hannunsa ba na wasa ba ne. Amma duk lokacin da aka nemi bakanike na aikin gwamnati aka ambaci sunansa, sai wani ya yi dariya ya ce wai Ƙona-Inji, magana ta wuce.

Mutumin nan bai taɓa canza mini fuska ba.

Da Baba ya sayi keken ɗinkin fata, in ya lalace cewa yake a kira masa Ƙona-Inji. Ummaru ya zo da sifanarsa, ya gaishe shi a durƙushe, ya gyara, ya sha ruwa ya tafi.

Ranar da Baba ya rasu, Ummaru ne ya shiga kabari tare da ni muka kwantar da shi.

Da na sayi babur nawa na kaina, ya taɓa mace mini a Achida da rana tsaka. Na aika masa, ya taho a kan keke, gumi har ƙafa. Yana gyara yana tsokanata wai malamin dabbobi ya kasa yi wa dabbarsa allura.

Duk shekara in an cire albasa sai buhu ya iso gidana daga fadamarsa, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

Bakanikan da suka fito daga hannunsa sun cika Wurno da Goronyo, wasu yanzu da furfura. Su za su ba ku labari. In aka kawo tsohon babur za a sauya masa inji, kafin a taɓa sifana sai ya ce, "Ku hwara diba ta ina za shi shan iska." Ba ya yarda a ɗora babban inji a rufe shi da murfin ƙaramin. Mutum ne mai sanyi, amma sau ɗaya na ga ya fusata. Wani ɗan kabu-kabu ya lulluɓe injinsa da wata roba mai walƙiya don kwalliya, ya zo yana kukan babur na zafi. Ummaru ya ɗauki wuƙa ya yayyanke robar. Ina zaune a benci ina kallo. Da ina da hankali a ranar zan gane.

Mako uku da suka wuce na ji ba shi da lafiya, ƙafafu sun kumbura, ya yi watanni bai fita ko masallacin Juma'a ba. Na sa aka kai ni. Na same shi a zaure kan tabarma, ya jingina da bango, ya rame sai idanu. Muka gaisa, muka yi zancen ruwan bana da waɗanda suka riga mu. Da na ga ba kowa sai mu biyu, na ce, "Yaya Ummaru, akwai maganad da nika ɗauke da ita shekara sittin da wani abu."

Ya ce, "Ta hwata?"

Na rasa inda zan sa idona.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Ɗan Baduku, ni nik kankare ta ga jikin inji da tsinin wuƙa kahin Bature shi iso. Hab bakin zane nig gani. Ɗunkin Baba na, ba mai ɗunki hakanan duk Wurno."

Na ce to don me bai faɗa ba.

Ya ce, "In hwaɗi mi? A kore ka ga aiki, kuma a yi ma dattijo dariya cikin kasuwa, a ce baduku ya kashe inji da ado? Da wane ido za shi koma zama rumhwa tai? Ni yaro na lokacin, kuma hannuna na nan. Nac ce ya wuce."

Na fara kuka kamar ba tsoho ba, ina cewa ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar. Sai ya murza gefen tabarma, sannan ya ce abin da ya hana ni barci tun daga ranar.

"Amma sunan ya yi man ciwo, Haliru. Ba ni ɓoye maka. Jikokina makaranta da shi aka kiransu. Rad da munka sa Baba ƙasa, nac ce to yanzu ba sauran wanda aka karewa, Haliru za shi hwaɗi. Nay yi ta jira."

Shekara arba'in ke nan da rasuwar Baba.

Na ce masa Juma'a mai zuwa, bayan an sallame salla, zan miƙe a gaban jama'ar Wurno in faɗi yadda aka yi. Fuskarsa ta saki. Ya ce, "To in ka taho ka biyo ka ɗauke ni. Ina son in ji da kunnena."

Na ce in sha Allahu. Muka yi musabaha, ya riƙe hannuna ya juya tafin ya dubi tabon, ya sake.

Juma'ar farko na tashi na ce gwiwata na ciwo. Tana ciwon, amma ba ta hana ni zuwa kasuwa washegari ba. Juma'a ta biyu na ce akwai ɗaurin aure a maƙwabta. Gaskiyar ita ce kunya. Ina tunanin yadda za a dube ni, Alhaji guda mai furfura, in miƙe in ce na yi ƙarya. Ban ko buga waya na ce ba zan zo ba. Na ce ta uku ba fashi, har na yi magana da direban da zai kai ni.

Ta ukun gobe ce.

Na samu jana'iza, an kai shi da hantsi. Jama'a har bakin titi, 'yan kabu-kabu sun jera babura sun kashe. A maƙabarta wani bawan Allah a bayana ya ce, da zuciya ɗaya, Allah ya jiƙan Ƙona-Inji. Na juya na ce masa sunansa Ummaru. Ya dube ni bai gane abin da ya yi ba.

Da muka dawo gida na shiga yi wa mata gaisuwa. Kulu ta biyo ni soro. Ta ce, "Baba Haliru, mi kunka shirya kai da Baba? Jumma'a biyun ga da sunka wuce, tun da sahe shika sa in hiddo mai hwarar riga tai. Shi sa hula, shi sa takalmi ga ƙahwahun nan masu kumburi, a aje mai kujera bakin ƙohwa. Munka ce a kai shi masallaci da mota, yac ce a'a, Haliru na tahowa. Sai la'asar shika yarda a maishe shi ciki. Jiya ma yac ce in wanke rigar."

Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, daga fata har Kaduna. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "To ka hwaɗa ma mutane."

Shi ya sa nake faɗa muku.

Aikin Ummaru ba shi da aibi. Injin da ya ɗora ya zauna daidai, awonsa daidai ne, kuma ya gargaɗe ni da bakinsa. Ni Haliru na bar fata a kan inji don a kalle ni a hanya, ni na ƙona shi, ni na yi ƙarya a gaban Bature, ni na bar mahaifina ya laƙa wa marar laifi suna ina tsaye. Baba ya rasu bai san komai ba, kada kowa ya ga laifinsa.

Gobe bayan salla zan miƙe a masallaci in maimaita wannan da bakina. Zan bi ta ƙofar gidansa, don hanyar ke nan, amma ba wanda zan ɗauka.

Roƙona gare ku biyu ne. Wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi, musamman bakanikai da 'yan kabu-kabu na Wurno da Rabah da Goronyo, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Daga yau a bar wancan suna, a kira jikokinsa jikokin Malam Ummaru.

Na biyu, ku sa shi a addu'a. Ya Allah ka jiƙan bawanka Ummaru, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa. Yadda ya rufa wa mahaifina asiri ya rufa mini, ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai kai. Ka ba Kulu da 'yan'uwanta haƙuri. Ka gafarta wa Baba.

In kun gama da shi, in da sauran wuri a addu'arku, ku roƙa mini gafara. Ya yafe mini ta shekara sittin da bakinsa, amma ta Juma'a biyun nan ban samu na roƙe shi ba.